Cinikin zinari ta intanet: wa zai tabbatar da gaskiyar abin da aka rubuta?

A watan Oktoban 2025 farashin zinari a kasuwannin duniya ya haye dala dubu 4 a kan kowane oza, karo na farko a tarihi, watanni bakwai kacal bayan ya haye dala dubu 3. Wannan tashin gwauron zabo ya sake tado da wata tsohuwar tambaya: ta yaya mai saye zai san cewa abin da aka sayar masa shi ne abin da aka ce masa?

A shago, mai saye na iya ɗaukar sarƙa ya ji nauyinta, ya duba hatiminta, ya sa a ɗora ta a kan sikeli, ko a goga ta a dutsen gwaji. A intanet kuwa, hoto da 'yan kalmomi kaɗai ke gabansa. Hoto ba ya bambanta zinari da tagullar da aka yi wa ruwan zinari, saboda haka kalmomin ne ainihin abin da yake biya wa kuɗi.

Kalma ɗaya, kuɗi masu yawa

Ana auna tsarkin zinari da karat. Karat 24 shi ne zalla, karat 22 na ɗauke da kashi 91.6 cikin ɗari, karat 21 kashi 87.5, yayin da karat 18 ke da kashi 75. Shi ya sa ake ganin lambobi irin su 916 da 875 da 750 a jikin awarwaro ko a bayan ɗan kunne.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Sarƙa mai nauyin giram 10 ta karat 21 na ɗauke da zinari giram 8.75, ta karat 18 kuwa giram 7.5. A farashin dala dubu 4 kan oza, wannan rata ta kai kimanin dala 160, alhali a hoto sarƙoƙin biyu ba su da maraba.

Haka abin yake ga duwatsu masu daraja. Akan ɗura wa zumurrudu mai domin ɓoye tsagarsa, akan gasa yakutu domin kyautata launinsa, wani lokaci ma akan cike ramukansa da gilashi mai haɗe da dalma. Duk waɗannan na shafar darajar dutsen, amma mai saye ba zai sani ba sai an faɗa masa.

Takaddamar lu'u-lu'un masana'anta

A Amurka, Hukumar Kula da Harkokin Ciniki ta Tarayya, FTC, ita ke fitar da ƙa'idojin yadda za a siffanta kayan ado. A shekarar 2018 ta sabunta su, inda ta amince cewa lu'u-lu'u, wato daiman, da aka ƙera a masana'anta shi ma lu'u-lu'u ne, tun da sinadarinsa ɗaya da wanda aka haƙo daga ƙasa. To sai dai ta gindaya sharaɗi: dole mai sayarwa ya bayyana a fili cewa ƙera shi aka yi.

A shekarar 2019 hukumar ta aika wa kamfanoni takwas wasiƙun gargaɗi, bayan ta lura cewa wasu tallace-tallacensu a intanet na iya sa mai saye ya ɗauka dutsen da aka haƙo ne ake tallatawa. Matsayin hukumar shi ne bayanin ya kasance kusa da sunan dutsen, ba a wani lungu na shafi da sai an lalubo ba.

Faransa ta fi tsanantawa. Dokarta ta 2002 ta tanadi kalma guda da za a kira irin wannan dutse da ita, mai ma'anar na haɗi, kuma duk da matsin lambar masu ƙera shi, gwamnati ta ƙi sauya ta. Ke nan dutse ɗaya na iya samun suna iri biyu, gwargwadon ƙasar da mai sayarwa yake, yayin da shafin intanet bai san iyakar ƙasa ba.

Dalilin wannan ja-in-ja shi ne kuɗi. A 2018 kamfanin De Beers ya fara sayar da nasa lu'u-lu'un masana'anta da sunan Lightbox a kan dala 800 kowane karat, amma a 2025 ya sanar da rufe wannan reshe bayan farashin irin duwatsun ya faɗi warwas. Wanda ya sayi na masana'anta a farashin na ƙasa zai gane asararsa ne ranar da ya je sayarwa.

Alhakin wa?

Babbar tambaya ita ce wa za a kama idan bayanin ya zama ƙarya: ɗan kasuwar da ya rubuta, ko kamfanin da ya ba shi rumfa a shafinsa?

A shekarar 2004 kamfanin kayan ado na Tiffany ya maka eBay a kotu a birnin New York, yana mai cewa kimanin kashi 73 cikin ɗari na kayan azurfa masu ɗauke da sunansa da ya saya domin gwaji a shafin jabu ne. A 2008 alƙali Richard Sullivan ya yanke hukunci cewa nauyin sa ido a kan tambarin yana wuyan Tiffany, kuma eBay ba shi da laifi muddin yana cire kayan da aka nuna masa takamaimai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da ginshiƙin hukuncin a 2010.

Wannan hukunci ya sauƙaƙa wa manyan kasuwannin intanet. Sai a 2023 wata sabuwar doka ta fara aiki a Amurka, wadda ta tilasta musu tantance sunaye da asusun bankin manyan 'yan kasuwar da ke ciniki a shafukansu. Dokar ta taimaka wajen sanin mai sayarwa, amma ba ta ɗora wa kowa nauyin gwada sarƙar kanta ba.

Hatimi daga wanda ba shi da riba

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya dabam, wato kada a dogara da bakin mai sayarwa kwata-kwata. A Ingila tun shekarar 1300 aka kafa dokar buga hatimi a kan azurfa. A ƙarƙashin dokar 1973, laifi ne a Birtaniya a sayar da abu da sunan zinari idan nauyinsa ya wuce giram ɗaya ba tare da hatimin da hukuma ta amince da shi ba, kuma ofisoshin gwaji huɗu ke bugawa: a Landan, da Birmingham, da Sheffield, da Edinburgh.

Indiya, ɗaya daga cikin manyan masu sayen zinari a duniya, ta wajabta hatimi a watan Yunin 2021, inda ta fara da gundumomi 256. Daga watan Afrilun 2023 kowane kayan zinari mai hatimi na ɗauke da lamba ta musamman mai haruffa da alƙaluma shida, wadda mai saye zai iya bincikawa ta wayarsa. Fa'idar wannan tsari ga cinikin intanet a bayyane take, domin lambar abu ce da za a iya tantancewa daga nesa.

Inda abin ya shafi ƙasar Hausa

A arewacin Najeriya da Nijar, gwal ba ado ba ne kawai. Yana shiga lefe, kuma mata da dama na ajiye shi a matsayin jari da za a sayar idan rana ta ɓaci. Yanzu wani ɓangare na wannan ciniki ya koma Instagram da WhatsApp, inda ake tallata kaya da sunan gwal ɗin Dubai ko na Saudiyya, alhali sunan gari ba ya nuna karat.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018 ta haramta yin bayanin ƙarya a kan haja, amma kafa hujja na da wuya idan cinikin bai wuce saƙon murya da hoto ba. Kariyar da ta rage wa mai saye ita ce ya nemi a rubuta masa karat, da nauyi a giram, da ko zinarin zalla ne ko ruwa aka yi masa, da kuma damar mayarwa idan gwajin maƙeri ya saɓa da abin da aka rubuta. Mai gaskiya ba ya asarar komai da rubuta waɗannan, don haka ƙin rubuta su kansa amsa ce.