Gawayin kara: kada a ceci daji a tsiraita gona

A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, a nan Maradi ƙasa ta yi zaman mahawara kan gurgusowar hamada, aka ɗauki alkawari. Gwamnatoci sun zo sun wuce, amma har yau itace ne ke ɗora tukunya a yawancin gidajen birnin, kuma dajin Baban Rafi yana cikin masu biyan kuɗin wannan wuta. Ko gaz ɗin matatar Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, bai kashe murhun duwatsu uku ba.

Shi ya sa binciken da masana ke yi kan gasa tsirrai ba tare da iska ba ya cancanci a saurare shi. Ana zuba kara ko ɓawo cikin rufaffiyar tanda, a ɗaga zafi zuwa wajen digiri 500. Da yake iska ba ta shiga, kayan ba su zama toka. Sai su rabu uku: gawayi, baƙin mai, da gaz wanda ake iya maida shi ya hura tandar. Idan aka gasa a hankali, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin kayan kan fito gawayi, abin da ramin gargajiya bai kaiwa. Garin gawayin ana cura shi da ɗanko ya zama makamashin girki, ko a binne shi a gona ya riƙe laima.

Sai dai akwai tarko. Mai lissafi daga ofis a Yamai na iya ɗaukar karan hatsi tamkar shara. Manomin Tibiri ya san abincin bisashe ne da rani, shi ne darni, shi ne kuma rigar da ke hana iska kwashe ƙasa. Ranar da ɗan kasuwa ya fara aika mota ƙauye sayen kara, talaka zai sayar, gona ta kwana tsirara. An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago.

Hanyar da ta dace a fili take. A fara da abin da ba shi da mai so: ɓawon gujiya, garmanin da ya cinye makiyaya, da ragowar da dabba ba ta ci a fadamar Jiratawa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyar INRAN ta Tarna su auna, su buga sakamako da Hausa, har da farashin buhu, domin uwargida da mai tuwo-tuwo ba za su bar itace ba sai sabon gawayi ya fi shi araha.

Manoman jahar nan ne, tun daga 1983, suka rayar da kututture a gonakinsu har duniya ta zo koyo. Duk shirin da bai fara da shawararsu ba, ƙarshensa tanda mai tsatsa a bayan ofis.