Kafin ka tura runduna, tura ɗan leƙen asiri

Jama'a ku yi haƙuri, yau ba siyasa zan taɓa ba, ba kuma tsadar masara ba. Maganar gem ce. Wanda ya ga ba layinsa ba ne yana iya wucewa, ba zan yi fushi ba. Amma in kana da ƙane ko ɗa mai kwana a gaban kwamfuta, ɗan tsaya, don akwai batun kuɗi a ciki.

Shekaranjiya wajen ƙarfe 11 na dare autanmu ya turo min bidiyon tallan Dawn of War IV, wanda aka nuna a bikin Gamescom na ƙasar Jamus a watan Agustan 2025, aka ce zai fito a 2026. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, magana ta ƙare, wannan shi ne wanda muke jira." Kafin in ba shi amsa sai ga wani saƙon. Wai zai kwashi adashinsa na wannan zagayen, ya sayar da laftof ɗin da ke hannunsa, ya haɗa ya sayi mai ƙarfi, don ranar da gem ɗin zai fito ta same shi a shirye. Yaron da ke zama a shagon POS tun safe har magariba yana tara abin da bai taka kara ya karya ba.

Na kalli bidiyon. Sau uku ma na kalla, ba zan ɓoye muku ba, ni ma jinina ya motsa. An ce gina sansani zai dawo, an ce ɓangarori 4 ne, kuma kamfanin King Art na Jamus da ya yi Iron Harvest a 2020 shi ke aikin. Duk na ji. Abin da na ce masa kawai shi ne: "Auta, ka tuna yadda na cinye ka ranar Asabar?"

Ga waɗanda ba su san irin wannan wasan ba, shi ake kira RTS, wato wasan dabarun yaƙi da ba a jiran juna. Ba kamar dara ba ne da za ka yi naka in yi nawa. Kana gina garinka, abokin karawarka yana gina nasa a lokaci guda, agogo na tafiya. Dune II na 1992 ne ya shata hanyar, sai Command & Conquer a 1995, StarCraft a 1998, Age of Empires II a 1999. Mu da muka tashi a zamanin kafe, Red Alert 2 da Generals su suka cinye mana kuɗin makaranta, Allah Ya yafe mana.

To ga abin da ya faru ranar Asabar. Age of Empires II muka buga. A wannan gem ɗin kana farawa ne da ma'aikata 3 da mahayin doki guda ɗaya. Kowane sabon ma'aikaci abinci 50 ne, yana ɗaukar daƙiƙa 25 kafin ya fito, kuma darasin farko da ake koya wa kowa shi ne kada ka bar cibiyar garinka ta zauna haka nan ko da na ɗan lokaci. Auta ya iya wannan, ya ma fi ni. Hannunsa na da sauri, ya haddace tsarin gini kamar karatun allo: shida na farko a kan tumaki, na gaba a kan itace, a janyo dabbar daji kusa da gida, a tara abinci 500 a shiga zamani na biyu, a tara abinci 800 da zinare 200 a shiga na uku. Ya riga ni shiga zamani na uku da kusan minti biyu.

Amma wannan mahayin guda ɗaya da aka ba shi tun farko, da ya gama nemo tumaki sai ya ajiye shi a gindin bishiya ya manta da shi. Ni kuwa nawa yana ta zagaye garinsa. Na ga ya zuba mutane a kan zinare da wuri, na ga ya gina bargar dawaki har biyu, ban ga wurin horar da 'yan baka ko ɗaya ba. To me ya rage? Ko makaho ya san barade ne za su zo. Barde ɗaya abinci 60 ne da zinare 75. Mai mashi kuwa abinci 35 da itace 25, ko ƙwayar zinare ba ya ci, kuma shi ne maganin doki. Na zauna na tara masu mashi a bayan katanga, na ƙara musu horo, na jira. Da ya taso da baradensa sun kai ashirin yana murna, cikin minti ɗaya suka zube. Duk zinaren da ya haƙa ya tafi a banza, garinsa kuma ba kowa. Ya ce, "Yaya wallahi sa'a ka yi." Ba sa'a ba ce. Na ga abin da yake yi, shi bai ga nawa ba.

Duk wanda ya daɗe a wannan harka ya san haka abin yake. Taswira a rufe take da duhu, sai inda mutanenka suka taka kake gani. A StarCraft II ma haka ne, in ka leƙa ka ga ɗan Zerg ya gina wurin ƙyanƙyasar mayaƙa kafin ya buɗe gari na biyu, ka san hari na tafe yanzu-yanzu, ka toshe ƙofa. In ka leƙa garin mutum ka ga ma'aikatansa ba su cika ba, to wasu suna can bayan gidanka suna gina maka masifa. Ana yawan zuzuta saurin hannun ƙwararrun Koriya ta Kudu, masu danna umarni ɗaruruwa a minti ɗaya, amma ka kalli wasan Serral, ɗan ƙasar Finland da ya zama na farko ba ɗan Koriya ba da ya ci gasar duniya ta StarCraft II a 2018. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne da wuya ka ɓoye masa abu.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ɗin nan da muka san wannan, da zarar an sako bidiyon talla sai mu kwashi rundunarmu gaba ɗaya mu afka cikin duhu.

Bidiyon talla fa ba gem ba ne. Abin da ke sa RTS ya yi daɗi ba ya fitowa a minti biyu na kiɗa da fashe-fashe. Shin in ka ce wa sojoji 40 su bi ta ƙaramar ƙofa za su bi, ko za su tsaya suna karo da juna kamar awaki a bakin rijiya? In ka danna, suna motsawa nan take ko sai sun yi tunani? Akwai ɓangaren da ya fi sauran ƙarfi har wasan ya zama ba daɗi? Sannan babbar tambaya: bayan wata shida, in ka shiga neman abokin karawa a intanet, akwai mutane? Domin in 'yan wasa suka yi ƙaranci, sabon shiga da ƙwararre ake haɗawa, a yi masa dukan kawo wuƙa sau biyar a jere, ya goge gem ɗin, mutane su ƙara raguwa.

Kuma ba yau aka fara ba. Shi kansa Dawn of War III, bidiyon tallansa na 2016 har yau in ka kalla sai tsigar jikinka ta tashi. Ya fito a Afrilun 2017, kafin shekara ta zagayo kamfanin Relic ya sanar da daina ƙara masa komai. Warcraft III: Reforged ya fi wannan ciwo. A taron BlizzCon na 2018 an nuna wani yanki na labarin an sake shirya shi tamkar fim. Da gem ya fito a Janairun 2020 babu wannan a ciki, har wasu abubuwan da tsohon na 2002 ke da su, irin su jadawalin matsayi da ƙungiyoyin 'yan wasa, aka neme su aka rasa. Ƙorafi ya yi yawa har Blizzard ta buɗe ƙofar mayar wa mutane kuɗinsu.

Sai Stormgate, wanda ni kaina na sa wa rai sosai. Tsoffin ma'aikatan Blizzard ne suka kafa kamfanin Frost Giant a 2020, aka yi ta cewa magajin StarCraft ya zo. Masoya suka tara musu sama da dala miliyan 2 a Kickstarter. Da aka buɗe wa kowa a Agustan 2024 tun bai kammala ba, mutane suka yi ta kukan zanen da labarin. Sun gyara abubuwa da yawa, gaskiya sun yi ƙoƙari, amma yawancin waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Battle Aces kuwa ko fitowa bai yi ba, aka soke shi a watan Mayun 2025.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma Auta ma ya faɗa: in kowa ya noƙe yana jira, wa zai tallafa wa masu yin irin wannan gem ɗin? Kasuwarsa ƙarama ce in aka kwatanta da ta ƙwallo ko ta harbe-harbe, kuma tun Oktoban 2020 Blizzard ta daina fitar da sabbin kayan sayarwa na StarCraft II. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai wanda ke karɓar albashi da dala shi ya kamata ya ɗauki wannan kasadar. In gem ya lalace masa, kuɗin abincin rana ɗaya ya rasa. Mu nan adashin wata da watanni ne, ga data ta saukar da shi, ga wutar da ba ta da alƙawari, ga jinkirin intanet in an haɗa ka da wani a Turai. Cinikin biri a sama ba namu ba ne.

Kuma ba cewa nake duk sabon abu ƙarya ba ne. Tempest Rising ya fito a Afrilun 2025, ya yi kama da Command & Conquer na da, kuma waɗanda suka buga da yawa sun yaba. Abin da ya burge ni da su, sun saki na gwaji kyauta tun kafin fitowa, kowa ya taɓa da hannunsa. Wannan shi ne leƙen asirin da nake nufi. Ka buga na gwaji in akwai. Ka jira mako biyu bayan fitowa ka kalli mutane na gaske suna bugawa a YouTube, ba waɗanda kamfani ya gayyata ba. Ka duba ƙarfin kwamfutar da ake buƙata bayan an tabbatar, don laftof ɗin da za ka saya yau da sunan gem ɗin baɗi, kana iya tarar da bai isa ba ko kuma ya wuce buƙata. A Steam ma akwai damar mayar da gem cikin kwana 14 in ba ka buga fiye da awa 2 ba, amma laftof ɗin da ka sayar a kasuwa ba mai mayar maka da shi.

Wani abin da ya ƙara ba ni haushi da Auta: ya san akwai Hausawa a Age of Empires III? Bai sani ba. Tun Agustan 2021 aka ƙara su tare da Habashawa a cikin The African Royals. Babban birninsu Kano, jagorarsu Sarauniya Amina, akwai barade masu lifidi, akwai maharba Fulani, har da wani mayaƙi da suka kira Maigadi. Shanunka ma dukiya ce da kake sayarwa a kasuwar dabbobi. Yana nan shekara da shekaru, tsohuwar kwamfutarsa za ta iya ɗauka, bai taɓa buɗewa ba, yana can yana mafarkin abin da ko ranar fitowarsa ba a tsayar masa ba. (Su ma masu wannan gem ɗin sun sha nasu: an yi musu alƙawarin sabbin ƙasashe a 2024, a Janairun 2025 aka fito aka ce an fasa.) Ga kuma 0 A.D. da Beyond All Reason, kyauta ne gaba ɗaya.

Mun rabu da shi a kan zai bar adashin a inda yake sai gem ya fito mun gani. Ko zai cika, Allah masani, don jiya ma na ga ya sake ɗora bidiyon a shafinsa da alamar wuta guda biyar. Na dai ce masa in ya cinye ni sau uku a jere, ni zan cika masa kuɗin gem ɗin ranar da ya fito. Asabar bayan sallar isha'i za mu fara, in an kawo wuta. Mai son shiga ya yi magana a ƙasa, muna neman mutum biyu a yi biyu da biyu.