Fitilar motar da ba taka ba

A Amurka da Ingila ma'aikata da yawa ba sa sayen mota. Haya ta dogon zango suke ɗauka, galibi ta wata 36, da ƙayyadadden nisan tafiya, kamar mil 12,000 a shekara. Tun ranar sa hannu kamfanin ya riga ya ƙiyasta darajar motar a ranar da za ta dawo, kuma mafi yawan abin da mai haya ke biya duk wata kuɗin faɗuwar darajar nan ne. Saboda haka duk ɓarnar da ta rage wa motar daraja fiye da lissafin, daga aljihunsa za a cike ta.

A nan maganar fitila ke shigowa. Mutum ya ga fitilar halojin ta motarsa ba ta haska masa hanya yadda yake so, sai ya sayi ƙwayayen LED ya sa. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ya adana na asali, ya mayar da su kafin mai duba mota ya zo. Ina ganin wannan shawara ƙaramin ɓangaren matsalar kawai ta taɓa.

Ta fuskar yarjejeniya maganar gajeriya ce. Yawancin takardun haya sun hana canza kayan mota ba da rubutaccen izini ba, kuma suna bambanta tsufan amfani da ɓarna. Ƙwan da aka cire aka mayar ba ya barin tabo. Amma wanda ya yanke waya, ko ya huda murfin bayan fitila don fankar ƙwan ta samu wuri, ko ya buɗe gilashin ya liƙe da gam har raɓa ta fara taruwa a ciki, ya shiga babin ɓarna, kuma kuɗin sabuwar fitila sukutum za a iya ɗora masa.

Babbar maganar tana cikin fitilar kanta. An ƙera madubin da ke bayan ƙwan halojin ne bisa wani siririn zare mai ci, wanda ke zaune a wuri guda tak yana watsa haske ta kowane gefe. Madubin ke tattara hasken ya kwantar da shi a kan titi, ya datse shi daga sama don kada ya kai idon mai zuwa. Ƙwan LED kuwa daga 'yan ƙananan allunan da ke gefensa yake fitar da haske. Idan suka kauce daga mazaunin zaren ko da kaɗan ne, datsewar ta lalace. Direba yana ganin gabansa fari fat yana murna, alhali hasken nesa bai ƙaru yadda yake zato ba, kuma rarar tana cikin idon wanda ke tahowa. Duk wanda ya taɓa tuƙin dare tsakanin Kaduna da Zariya ya san daƙiƙun nan da mutum ke tafiya a makance.

Hukumomi ma ba su bar abin haka ba. A Birtaniya, tun Janairun 2021, motar da aka sa wa ƙwan LED ko HID a fitilar halojin tana faɗuwa gwajin shekara-shekara na MOT. Sai dai sabuwar mota ba ta zuwa gwajin farko sai ta cika shekara uku, wato daidai lokacin da motar haya ke komawa gida. Mai haya zai iya yin wa'adinsa kaf babu wanda ya leƙa fitilarsa. A Amurka, hukumar NHTSA ta bayyana cewa irin waɗannan ƙwayaye ba su dace da ƙa'idarta ta FMVSS 108 ba, duk da cewa ga su nan jibge a kasuwar intanet. Jamus ce ta bi hanyar da ta fi burge ni: a 2020 ta amince da wani ƙwan LED na kamfanin Osram, amma ga jerin motocin da aka gwada shi a cikinsu kaɗai.

To, mayar da ƙwan asali a makon ƙarshe yana sallamar kamfani. Mutanen da aka yi shekara uku ana kashe wa ido fa, wa ya sallame su?

Ban ce ƙorafin duhu ba shi da tushe ba. Akwai motoci masu raunin fitila da gaske. Amma sau da yawa saiti ne ya kauce, kuma bakanike zai daidaita shi cikin 'yan mintuna. Akwai kuma ƙwayayen halojin masu ƙarin haske da doka ta yarda da su, ko da yake sun fi saurin mutuwa. Wanda kuwa bai sa hannu ba tukuna, ya nemi a ba shi motar ya gwada ta da daddare, ya kuma tambayi nawa samfurin da ya zo da LED daga masana'anta zai ƙara masa a wata.