Kakar Wasan Maryland Ta 2018: Zafin Da Farasitamol Ba Ya Saukarwa

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ta Jami'ar Maryland ta kammala kakar 2018 da nasara 5 da rashin nasara 7. A ganina, abin da ya fi wannan lissafi muhimmanci ya faru ne tun kafin a buɗe kakar, ranar 29 ga Mayu, a filin atisaye.

A ranar, an sa 'yan wasa gudun yadi 110 har sau goma. Jordan McNair, matashi ɗan shekara 19, ya galabaita, aka riƙa tallafa masa. Ya isa asibiti zafin jikinsa ya kai digiri 41. An yi masa dashen hanta, amma rai ya yi halinsa ranar 13 ga Yuni. Binciken da jami'ar ta sa aka gudanar ya nuna cewa an ɗauki fiye da awa guda daga bayyanar alamun farko kafin a kira motar asibiti, kuma ba a tsoma shi cikin ruwan sanyi ba. Shugaban jami'ar, Wallace Loh, ya amsa cewa alhakin yana wuyansu. A wasansu na farko, wanda suka doke Texas da ci 34 da 29, abokansa sun fito su goma maimakon goma sha ɗaya, suka bar gurbinsa. An sallami kocin, DJ Durkin, ranar 31 ga Oktoba, kwana ɗaya bayan an mayar da shi bakin aiki.

Wannan jami'a ce mai kuɗi da ƙwararru. Abin da yaron ya rasa kuwa bai wuce baho da ruwa da ƙanƙara ba. Shi ya sa labarin ya shafe mu, mu da 'ya'yanmu ke buga ƙwallo a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri.

A ɗakin magani mun san al'adar: da zarar jiki ya yi zafi, sai a nemi farasitamol. A nan kuskure ne. Zazzaɓi daban, bugun zafi daban. A zazzaɓi, ƙwaƙwalwa ce ke ɗaga ma'aunin zafin jiki don yaƙar cuta, farasitamol kuma ya sauko da shi. A bugun zafi ma'aunin na nan daidai. Tsoka ce ke samar da zafi fiye da yadda jiki zai iya fitarwa. Ƙwayar ba ta da abin gyarawa, sai dai ta ƙara wa hantar da ta riga ta jigata nauyi. Ibuprofen da diclofenac ma haka suke yi wa ƙoda.

Idan mai gudu ya fara tangaɗi, ko sambatu, ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi, kada a ce ragwanta ce, kada kuma a jira gumi ya ɗauke, domin sau da yawa yana nan sharkaf. A cire masa kaya, a tsoma shi cikin ruwa mai sanyi zuwa wuya, wani na riƙe da kansa. In babu baho, a kai shi inuwa a yi ta kwara ruwan randa ana fifita. Ana so zafin ya sauko ƙasa da digiri 39 cikin minti 30, don haka sanyayawa ake farawa da ita nan take, yayin da wani ke neman mota. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Iyaye kuma su duba abin da yaro ke sha. Maganin mura irin su Piriton yana rage gumi, masu sa yawan fitsari suna ƙarar da ruwan jiki, masu hana barci kuma suna ƙara zafi. A sanar da koci, a kuma tambaye shi inda ya tanadi ruwan tsomawa kafin a bar yaro ya shiga fili.