Jikan Bazaga, haifaffen Illela: ina takardarsa?

A ƙaramar hukumar Bazaga, kamar sauran garuruwan gundumar Ƙonni da ke jingine da iyaka, da wuya a sami babban gida wanda ba shi da ɗiya da ke aure a jihar Sakkwato, ko suruka da aka kawo daga can. Turawan Faransa da na Ingila da suka ja layin nan a yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 ba su tambayi kowa inda kakansa yake kwance ba. Ko sunan gari ma biyu ne: akwai Illelar Tawa, akwai Illelar Sakkwato.

Shekara da shekaru zumunci ya fi ƙarfin layin. Mace takan tafi goyon ciki gidan iyayenta a tsallake, ta haihu can, a yanka rago, liman ya raɗa suna, kowa ya watse. Babu wanda ya taka ofis. Yaro ya tashi yana lissafi da naira da sefa, yana da kawu a kowane gefe, kuma babu wanda ya taɓa ce masa baƙo.

Amma iyakar takan tuna da kanta. An rufe ta a 1984, shekarar yunwar da talakawanmu suka laƙaba wa suna El-Buhari. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kowane lokaci ƴan kasuwa sun lissafa albasar da ta ruɓe da manyan motocin da suka kwana a layi, kuma suna da gaskiya. Jana'izar uwa da ta wuce ɗiyarta, ita ba ta shiga littafin kowa ba. Da Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanenmu. Madalla. Wannan rangwame na mai kati ne.

Doka ba ta da laifi a nan, gara a faɗa. Tun 1999 uwa ƴar Nijar tana ba ɗanta zama ɗan ƙasa kamar yadda uba yake bayarwa, kuma dokar Nuwamba 2014 ta halatta riƙe ƙasa biyu. Saboda haka yaron da aka haifa a Illela, uwarsa ƴar Bazaga, namu ne. Sai dai ana neman hujja, hujjar kuwa ita ce takardar haihuwar uwar, wadda sau da yawa ita ma ba ta da ita. Asirin yakan tonu ran da mushen lakwal ya buƙaci takardu domin jarrabawa. Daga nan sai kotu, sai shaidu, sai kuɗin mota zuwa Ƙonni sau biyu ko uku. Manomi yakan haƙura, yaro ya koma kabu-kabu. A wannan zamani na rashin tsaro kuwa, saurayin da ba shi da kati abin zargi ne a shingen jandarma, abin zargi ne kuma a shingen tsallake.

Ma'aikatanmu sun san maganin, domin an sha yin sa: alƙali ya fita ya zauna a ƙauye, mai gari da dattawa su ba da shaida, a rubuta hukunci nan take. Abin da muke nema shi ne a daina jiran kuɗin ƙungiyoyin waje kafin a yi shi, a sa shi cikin kasafin kowace shekara, a fara da iyaye mata kafin ƴaƴa. A kuma ɗora wa limamai da masu gari sanar da hukuma kowane suna da aka raɗa, ko da a tsallake aka yi shi. Attajiran Ƙonni da Malbaza, waɗanda arzikinsu daga wannan iyaka ya fito, suna iya ɗaukar kuɗin man motar alƙali zuwa Bazaga kafin rajistar jarrabawa mai zuwa.