RA'AYINMU: SUTURAR MACE A BAKIN KOGIN HAƊEJIYA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, tufafi suna faɗin aƙidar mai su tun kafin ya buɗe baki. Shi ya sa kayan da mace ke sawa in za ta shiga ruwa suka zama abin jayayya tsakanin al'ummomi.

A watan Yulin 1946 wani Bafaranshe, Louis Réard, ya fito da wasu 'yan ƙyallaye biyu a birnin Faris, ya raɗa musu suna bikini, sunan tsibirin da Amurka ta gwada bam ɗin nukiliya a kwanakin. Daga nan Turawa da yawa suka ɗauki tsiraici a bakin teku alamar 'yanci. A 2004 kuma wata Musulma 'yar asalin Labanan mazauniyar Ostareliya, Aheda Zanetti, ta ƙirƙiro burkini: riga da wando da abin rufe kai na yadi marar nauyi, mai rufe jiki ban da fuska da tafuka da sawaye. A Agustan 2016 wasu garuruwan Faransa, irin su Cannes da Nice, suka haramta shi, har sai da babbar kotun ƙasar mai duba hukunce-hukuncen gwamnati ta dakatar da dokar ɗaya daga cikin garuruwan ranar 26 ga watan. Ke nan a wurinsu mace tana da 'yancin tuɓewa, amma ta rufa sai an kai kotu!

Sukar Faransa abu ne mai sauƙi. Mu dawo gida mu dubi namu. A ƙasar Haɗejiya mace ba don shaƙatawa take zuwa ruwa ba. Wanki ke kai ta, da ɗiban ruwa, da hawa kwalekwale zuwa kasuwa ko asibiti ko biki. In kuma kogi ya yi ambaliya, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma, ruwan ne ke iske ta har ɗaka.

To, da wace sutura take fuskantarsa? Ko dai ɗaurin ƙirji, wanda ke barin kafaɗu a waje kuma igiyar ruwa ke iya kwance shi, ko kuwa hijabi mai faɗi, wanda in ya jiƙe yakan yi nauyi, ya nannaɗe hannuwa, ya manne a fuska. Ga shi yara maza suna koyon iyo tun suna ƙanana, 'yan mata kuwa da sun fara tasawa sai a hana su, da sunan kunya. Ranar da kwalekwale ya kife, waccan kunyar ba ta fitar da kowa.

Malaman usulul fiƙhi sun tabbatar da cewa kare rai yana daga manyan manufofin Shari'a, kuma umurnin sutura a Suratun Nur da Suratul Ahzabi yana nan daram. Wajibinmu ne mu riƙe biyun gaba ɗaya. Duk mijin da ya saya wa matarsa hijabi ya yi daidai, sai dai amanarta ba ta ƙare a nan ba.

Saboda haka muna kira ga telolin Haɗejiya, musamman mata, su ɗinka kayan shiga ruwa: wando mai tsuke ƙafa, da riga marar shara-shara mai kaiwa gwiwa, da ɗan hijabi mai kama kai. Muna kira ga malamai mata na makarantun Islamiyya su nemi keɓantaccen wuri marar zurfi da lokacin da babu maza, inda mata gwanayen iyo za su koya wa 'yan mata. Masu kwalekwale kuma su tanadi rigunan kariya daga nutsewa, su daina lodin da ya wuce ƙima. Rassanmu su fara wannan aiki tun da rani, domin damina ba ta jiran kowa.

Allah Ya tsare rayukan iyayenmu mata da 'ya'yanmu, Ya suturta mu duniya da lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.