Maganar Waifa a Hanyar Gadau

'Yan uwa ɗalibai masu bin hanyar Azare zuwa Gadau da Itas, damina ta kankama, mu yi maganar waifa.

Ban ɗora wa direba laifin duka ba. Tsohuwar Peugeot 504 haɗin Kaduna, wadda ta girme mu, in injin waifarta ya ƙone sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, a kawo kwance, a ɗaura, kwana kaɗan ya sake tsayawa. Mai wayarin ya ce fis ne, bakanike ya ce sandar ciki ce ta cinye, kowa ya karɓi kuɗinsa. Abin da ciwo wallahi.

Amma roba fa? Ita ma sai Kano? Rana da hunturu sun busar da ita, ƙarfe na kankare gilashi, direba ya leƙo kai ta taga yana goga tsumma, mu a cushe, ga shanu na tsallaka titi.

Ni yanzu in hadari ya haɗo, kafin in biya sai na ce, "Oga, kunna waifa mu gani." In ya fara kame-kame, na sauke jakata. Gara in makara lacca.